Kai Kaɗai Muke Buƙata

Jalingo,
9 ga Oktoba, 2023.

Zuwa ga Bappa Manga,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Mu nan lafiya lau, sai ruwan ƙarshen damina da ya ɓata mana hanya.

Na san ba ka san ni ba. Sunana Zulfa, 'yar Usaini Siddiq na Lau, wanda kakansa da kakanka wa da ƙane ne. Baba ya rasu shekara shida ke nan. Kafin rasuwarsa ya sha ba mu labarin yadda ka haɗa rediyo a gwangwanin madara kuna yara, har tsofaffin gida suka ce aljanu ka shigo musu da su. Maƙwabcinmu Andrawus, direban da ke kai doya Uyo yana dawowa da manja, shi ya ce mini akwai wani Malam Manga ɗan wajenmu da ke koyar da Fiziks a sakandaren gwamnati a Oron, bakin teku. Na ce ai Bappana ne. Shi zai miƙa maka wannan takarda.

Ni ce mataimakiyar firinsifal a wata sakandaren gwamnati ta je-ka-ka-dawo a kan hanyar Sunkani. Yaranmu 'ya'yan manoma ne da masu tebur a Kasuwar Jalingo, Mumuye da Fulani da Jukun da kowa. Tun da Malam Zacchaeus ya rasu bara ba mu da malamin Fiziks. Misis Vivian mai Kemistri ce ke karanta musu littafi iya ƙoƙarinta, ita da kanta ta ce akwai shafukan da take tsallakewa. Muna da yara arba'in da ɗaya a ajin ƙarshe na kimiyya, kuma WAEC a watan Mayu ne.

Abin takaicin, kaya muna da su. Tsofaffin ɗalibai sun kawo mana kwalaye bakwai na kayan gwaji, suna nan a lab ko tef ɗinsu ba a yanke ba, don kowa na tsoron ya lalata. Makon jiya wata yarinya mai suna Dokas ta ɗaga hannu ta ce, “Malama, batir ɗin nan da muke gani a hoto, ranar jarrabawa ma hoto za a ba mu?” Ajin ya yi dariya. Ni ban iya ba. Yarinyar nan ita ke gyara fitilun sola na unguwarsu, injiniya take so ta zama.

Andrawus ya ce a Disamba za ka yi ritaya. Bappa, ka zo ka ba mu wata huɗu. Albashi ba mu da shi, amma ƙungiyar iyaye ta ce masauki da abinci a kanta. In na yi rashin kunya, ka yafe mini.

'Yarka,
Zulfa Usaini.


Oron,
5 ga Nuwamba, 2023.

Zuwa ga 'yata Zulfa,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya, ni da maiɗakina Rebeka. 'Yarmu Hamna tana aikin nas a Kalaba, ita ma lafiya. Rasuwar Usaini a wasiƙarki na fara ji. Na daɗe zaune da takardar a hannu. Allah ya jiƙansa. Rediyon nan shi ya sato mini wayar daga keken babansa, na san bai gaya muku wannan ba.

Ki yi haƙuri da Hausata, na jima ban rubuta ta ba. Na sa miki lambata a ƙasa, amma kunnena na hagu ya mutu, na dama ma yana bin sa, waya wahala take ba ni. Ki ci gaba da rubutowa.

Hidimar ƙasa ce ta kawo ni nan a 1989, nan na zauna. Makarantarmu in ka tsaya a bayan lab kana ganin jiragen masunta. Iskar nan gishiri gare ta, duk ƙarfen da aka ajiye sai ta ci shi, don haka na saba koyarwa da abin da na samu. Ranar da kifi ya yi yawa rabin ajina suna bakin ruwa. Duk da haka yaran da suka fita daga hannuna akwai likitoci, akwai masu tuƙa manyan jirage. Saboda haka kada ki ce mini yaranki ba za su iya ba.

Ga aiki. Ku yanke tef ɗin nan gobe. Kayan gwaji da ba a taɓa ba, da su da babu duk ɗaya. Ki rubuto mini duk abin da ke ciki, wanda ba ku san sunansa ba ki zana shi. Sannan ku ɗaura ɗan ƙarfe a zare, ku rataya, ku sake shi ya yi lilo sau ashirin kuna duba agogo. Na rubuta matakan a bayan takardar nan. Amsar da ya kamata ku samu, wato ƙarfin jan ƙasa, tara da ɗigo takwas ce. Ki ba Dokas agogon.

Maganar zuwa kuwa, ban ce e ba, ban ce a'a ba. Rabona da gida shekara ashirin da bakwai, kuma akwai dalili. Adda Asta, yayata, tana raye? Ta san kin rubuto mini? Ki gaya mini abin da ta ce. Ki kuma gaya mini abin da ba ku da shi a makarantar, in san abin da zan tanada in har Allah ya sa.

Bappanki,
Manga.


Jalingo,
4 ga Disamba, 2023.

Zuwa ga Bappa Manga,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ka gaishe mini da Anti Rebeka. Mu lafiya, sai mura da ke yawo cikin yara.

Mun buɗe kwalayen! Firinsifal ɗinmu, Mista David, shi ya yanke tef na farko da reza yana cewa in wani abu ya fashe shi za a kama. Akwai batura da wayoyi da gilasai da ma'auni da agogon daƙiƙa guda shida. Jerin yana haɗe da wannan, da zanen abubuwa uku da suka gagare mu. Kwali ɗaya ɓera ya riga mu, amma takardu kawai ya ci.

Mun yi lilon. Karon farko goma sha huɗu muka samu. Wani yaro ya ce wataƙila ƙasar Jalingo ta fi ta Oron jan abu, shi ya sa mutanenmu ba sa tashi da wuri. Dokas ba ta yi dariya ba, ta sake karanta takardarka, ta ce mun auna zaren ne har da rarar da ke saman ƙullin. Muka sake, muka samu goma da ɗigo ɗaya. Bappa, da ka ji ihun da suka yi. Ranar har aka tashi babu wanda ya gudu.

Goggo Asta tana nan da ranta, a Magami wurin ɗanta. Idonta ya yi rauni, bakinta kuwa yana nan yadda ka san shi. Na je na gaya mata. Ta tambaye ni ko ka yi furfura. Na ce ban taɓa ganinka ba. Ta ce, “To ya zo mana, wa ya riƙe shi?”

Ka tambayi abin da ba mu da shi. Na bi kowa na tambaya, bakinsu ɗaya, ni ma haka: kai kaɗai muke buƙata. Ka zo kawai. An share maka ɗaki a gidan malamai, an sa katifa da fanka.

Ina jiran amsa ta hannun Andrawus.

'Yarka,
Zulfa.


Jalingo,
15 ga Janairu, 2024.

Zuwa ga Bappa Manga,

Assalamu alaikum. Allah ya sa lafiya. Sau biyu Andrawus yana dawowa hannu wofi. Ya ce ya gan ka da idonsa, an ma yi maka bikin ritaya, amma ka ce babu saƙo. Na kira lambarka sau tara.

Ban san laifin da na yi ba. In ba za ka iya zuwa ba, ka faɗa, ba zan ji haushi ba. Abin da ya sa na matsa shi ne Mista David ya ce in ba a samu malami ba kafin a rufe rajista a watan gobe, zai cire Fiziks daga jarrabawar yaran, don ba zai tura su su faɗi ba. Ban ga laifinsa ba. Amma ka fi ni sanin abin da hakan yake nufi: babu mai zama injiniya ko likita a cikinsu.

Yaran sun yi lilo har sun gaji da shi. Kullum sai sun tambaye ni yaushe Malam zai zo. Na daina bi ta gaban ajinsu.

'Yarka,
Zulfa.


Oron,
24 ga Janairu, 2024.

Zulfa,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu ƙalau. Na yi niyyar in yi shiru, amma yaran ba su da laifi, ke ma wataƙila aike aka yi ki.

Kin ce kin je wurin Adda Asta, kin bi kowa, bakinsu ɗaya: ni kaɗai ake buƙata. An share ɗaki, an sa katifa. Na gane. Ba yau na fara jin wannan magana ba.

A 1996 Innarmu ta kwanta ciwon ajali. Adda ta aiko mini: ka zo, amma kai kaɗai, kada ka kawo mana matar nan. Rebeka tana da cikin wata tara. Na bar ta na tafi. Inna ta rasu kwana biyu da isowata, ina zaman makoki Rebeka ta haihu, jini ya ɓalle mata, maƙwabta ne suka kai ta asibiti a baro. Saura kaɗan in rasa su duka biyu. Na dawo na same ta ba ta iya ɗaga kai, har yau ba ta taɓa yi mini gori ba. Ranar na yi wa kaina alkawari, duk ƙofar da ba za ta shiga ba, ni ma ba zan shiga ba.

Shekara talatin matar nan tana tashi ta dafa mini sahur alhali ba addininta ba ne. Ba zan bar ta a tsufa in tafi inda ake ƙyamarta ba.

Na haɗo miki littafin darasina na shekaru, da gwaji goma sha biyu da aka fi kawowa. Ki ba Misis Vivian. Iyakar abin da zan iya ke nan.

Manga.


Jalingo,
2 ga Fabrairu, 2024.

Zuwa ga Bappa Manga da Anti Rebeka,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni dai tun da na karanta wasiƙarka ban samu natsuwa ba.

Bappa, wallahi ba haka nake nufi ba. Ka tambaye ni kayan da ba mu da su, na tambayi malamai da iyayen yara, suka ce kaya sun wadatar, malami ne babu. Abin da na rubuta ke nan. Waɗanda na ce na bi, mutanen makaranta ne, ba dangi ba. Katifa ɗaya kuwa don ita ke gare mu a sito. Labarin 1996 ban taɓa jinsa ba, ina aji biyu na firamare lokacin. Da na sani, da hannuna bai rubuta kalmar nan ba. Anti, ki yafe mini.

Ban tsaya nan ba. Na ɗauki wasiƙarka na tafi Magami na karanta wa Goggo Asta, ban tsallake ko layi ɗaya ba. Da na kai wurin baro sai ta ce, “Tsaya. Sake karanta nan.” Na sake. Ta ce, “Ba wanda ya gaya mini.” Na ce, “Goggo, kin tambaya?” Ta ɗago kamar za ta zage ni, sai ta juya ta fuskanci bango. Na zauna har aka kira la'asar. Sannan ta ce in ɗauko biro, in rubuta da bakinta, kada in gyara. Ga shi:

“Manga, ni ce Asta. Maganar nan tawa ce, ba ta Inna ba. Inna ba ta ce kada a kawo matarka ba, ni na ƙara. Har ranar da za ta rasu tana tambaya ko an haihu. Na ɗauki wannan abu shekara ashirin da bakwai, ya ishe ni. Ka zo da matarka. In ba za ka zo ba, ka turo ta ita kaɗai, da ita nake da magana.”

Ta ce kuma ba za ku kwana a gidan malamai ba tana da rai, ɗakin ɗanta na waje za a gyara muku.

Na roƙi Mista David ya ba ni mako biyu, ya ba ni. Amma ko ba don makaranta ba, Bappa, ku zo.

'Yarku,
Zulfa.


Oron,
10 ga Fabrairu, 2024.

'Yata Zulfa,

Ni ce Rebeka. Ina gaishe ki, ina gaishe da yaranki na makaranta. Hausata ta kasuwa ce, wurin masu albasa na koya, Bappanki yana gyara mini rubutu yana ƙunƙuni.

Babu abin yafewa. Tun Disamba na ce masa yarinyar nan maganar makaranta take yi. Ya ce ban san mutanensu ba. Na ce kai ma ka manta su. Mutumin da ke koya wa yara su auna abu sau uku kafin su rubuta amsa, shi sau ɗaya ya karanta ya yanke.

Da aka karanta maganar Adda ya fita bakin ruwa, ya daɗe. Ya dawo idonsa ja, ya ce iska ce. Tun da ya yi ritaya ya hana ni sakewa a gida, ya kwance fanka, ya kwance injin niƙa, babu wanda ya lalace a cikinsu. Ku karɓe shi don Allah.

Ki ce wa firinsifal kada ya cire komai. Za mu biyo Andrawus ranar sha takwas. Ki ce wa Adda na ji, ina zuwa, ni ma ina da magana, amma ba ta faɗa ba ce. Zan kawo mata busasshen kifi da manja.

Taki,
Rebeka.


Jalingo,
Ƙarshen Mayu, 2024.

Zuwa ga 'yar'uwata Hamna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya aiki da masu jinya? Babanki da Mamanki lafiyarsu ƙalau, sai dai Mama har yanzu ba ta shirya da zafin Jalingo ba. Kin ce a waya ba sa ba ki labari sai “lafiya lau”, to ga shi a rubuce.

Ranar farko da Baba ya shiga aji bai gaisa da kowa ba. Ya zube batura da wayoyi da ƙananan ƙwan fitila a kan tebura, ya ce, “Wanda ya kunna tasa ya gaya mini sunansa.” Dokas ce ta fara. Ya ce, “Ke na riga na san ki, je ki taimaki na bayanki.” Cikin wata uku sun yi gwaji goma sha tara, har da Asabar, har cikin azumi. Da yake ba ya ji sosai, dole kowa ya ɗaga murya, yaran da ban taɓa jin bakinsu ba yanzu har gardama suke yi. Misis Vivian tana zama a bencin baya da littafinta kamar ɗaliba. Ya ce mata baɗi ita za ta riƙe ajin ƙasa, shi yana kallo.

Jiya aka yi firatikal, wato jarrabawar gwaji ta WAEC. Ba a barin malami ya shiga, sai ya zauna a gindin mangwaro yana ta goge tabarau. Ni ma na kasa zama a ofis. Da suka fito suka yanyame shi, kowa na faɗin amsarsa. Biyu sun rikice a zanen jadawali, ɗaya ta yi kuka, ya zaunar da ita ya lissafa mata makin da ta riga ta samu har ta yi shiru. Sakamako sai Agusta, ban san me zai zo ba. Amma yara arba'in da ɗaya suka shiga, kuma babu wanda ya ga baƙon abu a kan teburinsa. Baba ya ce wa Mista David zai ƙara shekara ɗaya, in Mama ta yarda. Mama ta ce sai an sa mata fanka ta biyu.

Yanzu maganar gida. Ranar da suka iso, Goggo Asta ta sa aka fito da ita ƙofar gida. Ba ta kula Baba ba, ta laluba ta kama hannun Mama ta ja ta ɗaki, suka rufe ƙofa fiye da awa guda. Ba wanda ya san abin da suka ce. Yanzu kullum suna tsakar gida suna musu a kan yawan manja a miya.

Ran Juma'ar da ta wuce muna zaune Goggo ta ce, “Hamna ai lakabi ne. Mene ne sunanta na yanka?” Baba ya sunkuyar da kai. Mama ta ce, “Hajara.” Goggo ta saki carbinta. Ta ce, “Sunan Inna? Manga, kai ka sa?” Ya ce, “Ba ni ba ne. Ni lokacin fushi nake yi da kowa. Ita ta ce a sa, tana kan gadon asibiti.” Goggo ta rufe fuska da mayafi, mu duka muka tashi muka ba su wuri.

Ta ce in rubuto miki ki nemi hutu ki zo kafin ruwa ya ɓata hanya. Ta kuma ce in gargaɗe ki tun yanzu: bakinta ba zai iya kiran sunan mahaifiyarta ba, lakabin ma ba ta so. Don haka in kin iso kika ji tsohuwa mai shekara saba'in tana ƙwala kiran “Inna! Inna!” a tsakar gida, kada ki waiga neman kowa. Ke ce. Ki amsa.

'Yar'uwarki,
Zulfa.